Kwikwiyo a Gidan Baba na Abbasiya

Ban taɓa zaton zan haura shekara arba'in ina goge fitsarin kare ba. A garinmu kare na bakin ƙofa ne, ko na mafarauta. A jefa masa ƙanzo, ya yi haushinsa, shi ke nan. Ko tabarma ba ya takawa. Amma zaman ƙasar wasu ba ya tambayar mutum abin da ya saba.

Yaƙin Libiya ne ya koro ni Masar. Na zauna unguwar Arba wa Nus a Alkahira ina leburanci in an samu, har ƙugu ya fara gagara ta. Sai wani ɗan ƙasarmu ya haɗa ni da aikin kula da wani tsoho a unguwar Abbasiya, a can saman wani bene da liftarsa ta mutu tun kafin in zo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, ƙafarsa ɗaya ja take yi. Ina ce masa Baba. Shi kuma ɗan Sudan yake ce mini, ko da yake na gaya masa ban taɓa taka Sudan ba. Aikina in dafa, in share, in wanke, in ba shi magani. Mutum ne mai tsabta da son girma. Ko a cikin gida jallabiyarsa a goge take, da ɗan turare.

'Yarsa da ke aure a ƙasar waje ce ta kawo karen, a shekarar da aka sa dokar hana fita. Ta zo ganin gida, ta ga uban ya yi shiru da yawa, ta fita ta dawo da kwali. A ciki wani ɗan kwikwiyo ne fari, bai cika tafin hannuna biyu ba, yana rawar jiki. Ta ce zai ɗebe wa Baba kewa. Bayan 'yan kwanaki ta hau jirgi ta bar ni da shi.

Baba ya so shi tun ranar farko. Ya ɗora shi a cinya yana yi masa magana kamar jika. Mutumin da sai in yi ta roƙo kafin ya ci rabin burodi ya koma cinye kwanonsa, don ya rage wa karen loma. Ni kuwa na tsane shi. Abu kamar ɓera, amma ba inda bai tsuguna ba: ƙarƙashin tebur, bayan ƙofa, cikin takalmina. Na naɗe sallayata na ɗora saman kwaba, ina salla ina dube-duben ƙasa.

Na kai ƙara wurin wani ɗalibi ɗan wajenmu da muke haɗuwa a masallaci bayan la'asar. Na ce, "Malam, sallata tana karɓuwa kuwa a gidan nan?"

Ya ce, "Kawu, a mazhabarmu jikin kare ba najasa ba ne. Fitsarinsa da kashinsa su ne najasa. Wanke wurin ka yi sallarka." Sannan ya ce, "Sai dai kada labari ya kai gida. Za a ce ka tsallake Sahara don ka yi renon kare."

Na ce, "Kai dai ci kuɗin karatunka ka yi shiru."

Baba yana da ɗa namiji a nan Alkahira, mai zuwa kowace Juma'a bayan masallaci ya ci abinci da uban. Basha nake ce masa. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai kamar kowa a garin. A falon akwai wata jar darduma babba ta marigayiya mahaifiyarsa, kujerar Baba a kanta take. Wata Juma'a ya taka jiƙa da safarsa a kan dardumar. Ya cire safar ya riƙe ta da yatsa biyu, ya ce da ni, "Ka koya masa. Gida ba titi ba ne. In na sake tarar da wannan a kan dardumar uwata, khalas, shi ke nan, mai gadin bene zai kai shi kasuwa."

Baba ya ce, "Jariri ne."

"Jariri mai kunzugu muka sani, Baba."

Da ya tafi Baba ya kama hannuna. Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ya ce, "Ɗan Sudan, ka taimake ni da shi."

To ni me na sani? Fita da shi ba ta yiwuwa. An ce ba a yi masa allura ba, titin kuma cike da manyan karnuka marasa gida, ga matakala ba iyaka. Dole a cikin gida za a yi. Na tuna yadda mata a gida suke yi wa jariri, da ya farka ko ya sha nono a tsugunar da shi a kan ƙafafu. Na ce bari in gwada haka. Na shimfiɗa jarida a kusurwar banɗaki. Da ya farka in ɗauke shi in kai can. Da ya ci, in kai can. Da na ga ya fara sunsunar ƙasa yana juyi, in bar tukunya a wuta in sure shi. In tsaya a kansa ina jira, wani lokaci har ƙafata ta yi sanyi, shi kuwa yana cizon jaridar. Mu fito, ya taka falo, ya saki abinsa yana kallona.

Jaridun Baba ne ke zaɓa. Ni ban iya karatun Larabci sosai ba, shi kuma ba zai yarda a shimfiɗa shafin da ke da sunan Allah ko aya ba. Kullum da hantsi zai sa tabarau ya zauna yana warewa. Shafin ta'aziyya ya ajiye gefe, na ƙwallo da na tallace-tallace ya miƙo mini. In ya ci karo da hoton wani babban ɗan siyasa sai ya ce, "Wannan ka sa shi a sama." Ranar ce na fara jin dariyarsa.

A hankali na gane abubuwa. Kare yana komawa inda ya ji warin kansa, don haka sabulu kaɗai ba ya isa, sai na bi wurin da ruwan khal, wato binigar. Nakan bar guntun jiƙaƙƙiyar jarida a ƙarƙashin sabuwa don ya san wurin. In ya yi daidai in ba shi ɗan cuku. Duka ba ya koya masa komai sai ɓuya, na gwada da silifa sau ɗaya, ya koma yi a bayan firji. Na bar dukan. Wata safiya ina yanka albasa na ji ƙaran faratansa a kan tayil. Na leƙa, ga shi ya tafi da kansa, ya tsuguna a tsakiyar jarida, ya gama ya dawo ya zauna gabana yana jiran cukunsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Shekaru na yi ban ga abin da na shuka ya fito ba.

Ya iya. Wannan nake so a sani. Kafin sanyi ya shigo karen nan ya iya sarai, ko an ɗauke wuta yana samun hanyarsa a duhu.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Wata rana bayan azahar Baba ya kira ni daga falo. Na tarar da shi tsaye da sandarsa, ya juya mini baya yana kallon taga. A gaban kujerarsa dardumar ta jiƙe.

Ya ce, "Ya sake."

Na dubi jiƙar. Ta fi faɗin faranti. Karen da cikinsa bai kai kofin shayi ba, ko kwana ya yi yana tarawa ba zai yi wannan ba. Warin ma ba nasa ba ne, na san nasa kamar yadda na san na kaina. Yana can kwance a kan bargonsa yana barci.

Na ce, "To, Baba." Na ɗauko bokiti da tsumma.

Da yamma na tarar da jallabiya a dunƙule a bayan kwandon wanki, a jiƙe. Na wanke na shanya cikin sauran kaya.

A wurinmu idan dattijo ya yi tusa a zaure, yaron da ke kusa ake harara, a ce tashi ka fita marar kunya. Yaron ya sani, dattijon ya sani, kowa ya sani. Haka aka raine ni. Ubana da ya tsufa, in aka ga shimfiɗarsa a jiƙe cewa ake buta ce ta zube, har ya rasu ba wanda ya kira abin da sunansa. Asirin babba ba a tona shi, ko da wa za a jinginawa. To a gidan nan babu yaro, babu buta. Kare ne.

Abin ya ci gaba, ba kullum ba. Baba zai tashi daga kujera, ƙafar ta ƙi sauri, kafin ya kai ƙofar falo an gama. Sai ya ce, "Ya sake." Ni kuma in ce, "Kai ɗan banza," in nuna wa karen yatsa. Karen ya sunkuyar da kunne ya shige ƙarƙashin tebur, bai san me ya yi ba. Daga baya sai in ga Baba ya ɗauke shi ya rungume yana ba shi haƙuri, yana raɗa masa, "Ma'alish, ma'alish." Na ajiye masa roba kusa da kujera ba tare da na ce ta mene ce ba. Ya tura ta da sanda zuwa baranda. Ranar Alhamis nakan wanke dardumar da khal, in kunna hita a kanta don ta bushe kafin Basha ya zo.

Sai wata Juma'a. Na yi dabara, na rufe karen a kicin tare da ni, don kada a sami abin cewa a kansa. Basha ya zo, suna falo suna hira. Na gama jera abinci a tebur, na dawo ɗaukar ruwa, na ji Basha yana cewa, "Yalla, Baba, mu ci," ya wuce banɗaki wanke hannu. Na leƙa ta bakin ƙofa. Baba ya miƙe da sandarsa, bai yi taku biyu ba ya tsaya. Na ga abin yana bin ƙafarsa yana sauka a kan darduma. Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba, kuma ba na so in sake gani.

Famfo yana zuba a banɗaki. Karen yana bayan ƙafata yana kaɗa wutsiya. Ban yi dogon tunani ba, na buɗe ƙofar kicin. Ya ruga da gudu wurin Baba kamar kullum, ya tsaya daidai kan jiƙar yana sunsuna. Na ɗauki bargon da ke kan kujera na yafa wa Baba daga ƙugu zuwa ƙasa, na ce, "Sanyi, Baba," na zaunar da shi.

Basha ya fito yana goge hannu. Ya dubi darduma, ya dubi karen, ya dube ni.

"Na ce maka me?"

"Ka ce in koya masa, Basha."

"Shi ne ya yi wannan?"

Na ce, "Shi ne."

Ya juya wurin uban. Baba yana kallon hannuwansa. Na jira ya yi magana. Ina jin shi ma jira yake ni in yi. Babu wanda ya yi.

Basha ya leƙa matakala ya kira mai gadi. Kwalin da aka kawo shi a ciki yana nan saman kwaba, ni na sauko da shi. Yanzu ya yi masa kaɗan, sai da na danna kansa kafin murfin ya rufu. Ya lashi hannuna. Mai gadi ya sauka da shi, muna jin kukansa hawa bayan hawa har ya ɓace. Basha ya ci abinci shi kaɗai, ya sumbaci kan ubansa, ya ce gobe Baba zai manta, ya tafi.

Na kai Baba banɗaki na zuba masa ruwan ɗumi. Karon farko ke nan da ya bari na taimaka masa da wanka. Jaridar tana nan a kusurwa, da ɗan jiƙa a tsakiya, na safe. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Da ka bar ƙofar a rufe."

Na ce, "Da ka ce kai ne."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, ban kuma sake ba.

Ya koma barin abinci a kwano. Da hantsi yakan sa tabarau ya fara ware jarida, sai ya tuna, ya ajiye. Juma'ar da ta biyo ya ce in bi mai gadi in tambaya. Mai gadi ya ce ya ba wani mai sayar da tsuntsaye a kasuwar Juma'a. Na shiga motoci na je. Keji kan keji, tantabaru, zomaye, kyanwoyi, 'yan kwikwiyo a cunkushe suna kwance cikin kashinsu. Farare sun yi yawa. Na bi su ina kiran yadda nake kiransa, mutane suna dariya suna kwaikwayon maganata. Babu kwikwiyon da ya ɗago kai.

Kafin in fita da safe Baba ya ba ni wani saƙo na biyu, yana kallon taga. Ya ce kada in saya a kemis ɗin ƙasan bene, sun san shi. Na sauka daga mota a wata unguwa da ba a san mu ba, na sayi kunzugun manya, na ce a sa mini a baƙar leda. Na hau matakalar nan da ita. Da na buɗe ƙofa ya dubi hannuna na dama, babu komai, sannan ya dubi ledar.

Ya ce, "Kai ɗaki."

Na kai.