Farin Abin da Na Gani a Hoton Ƙirjin Yarona

Shekarun baya, tun ina da cikin fari, sauran mata haihuwa suke tsoro, ni kuwa ƙura nake tsoro. Maigidana yana aiki wajen injin niƙa dutsen zinari a gefen Bagega, kullum zai dawo gashin girarsa fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Ina yarinya lokacin da gubar dalma da ke cikin irin wannan ƙurar ta yi ta ɗaukar yara a ƙauyukanmu, da idona na ga matan da suka fita da goyo suka dawo da zani a hannu. Abin nan bai taɓa barin kaina ba.

Da na haihu sai na kafa doka. Bokiti da sabulu a zaure, kayan aiki cikin buhu, takalmi a waje. Ba ya taɓa yaro sai ya yi wanka. Shi mutum ne mai haƙuri, iyakarsa ya tsaya bakin ƙofa yana ɗigar ruwa ya ce, "To kwastan, an gama bincike in shige?"

Yaron yana wata bakwai, ƙarshen damina ana shirin yankan gero, mura ta kama shi. Mura ce irin ta kowa, rabin yaran unguwa suna yi. Amma a kwana na uku na lura da abin da ban taɓa gani ba. In ya ja numfashi, ramin wuyansa sai ya lotsa, ƙasan haƙarƙarinsa ya shige ciki. In ya kama nono, tsotsa biyu sai ya saki ya buɗe baki yana neman iska. Na aika aka kira Inna, mahaifiyata. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Ɗauko mayahinki, wanga ba na jiƙo ba ne." Muka hau babura sai asibiti a Anka.

Suka sa masa robar iska a hanci, suka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka miƙo mini cikin babban ambulan aka ce in ajiye. An ce in ajiye, ba a ce in karanta ba. Amma ni da ko aji huɗu ban gama ba, na zare hoton na ɗaga shi a taga kamar yadda na ga ma'aikata suna yi. Na gane haƙarƙari, ƴan sirara kamar tsinken tsintsiya. Sai ga wani farin abu daga saman ƙirjin, ya karkata gefe guda, da kusurwa kamar bakin fartanya.

Nan take na gama yanke hukunci. Ƙurar nan ce. Duk wankan da nake sawa a yi bai hana ba, ta shiga ta daskare a ƙirjin yarona.

Bayan la'asar maigidana ya iso, ya yi wanka ya canza riga, da kwanon fura a hannu. Ban bari ya zauna ba. Na ja shi baranda, na ɗaga masa hoton na ɗora yatsa a kan farin abin na ce, "Ga zinarinka nan."

Ya daɗe yana kallo. Bai yi musu ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye furar a ƙasa ya ce a hankali, "In ni na sa mishi wanga abu, ban da bakin magana." Tun daga ranar bai ƙara shiga ɗakin ba. Zai zo da safe, ya zo da yamma, ya tsaya ta bayan taga ya leƙa yaron ya tafi. Har numfashinsa yake jin tsoron ya kai wajen.

Inna ta yi mini tas. "Ke, yaushe kinka zama likita? Ki tambayi masu abu mana!" Na ƙi. Gaskiyar magana, tsoro nake ji in tambaya a ce mini e. Kwana biyu muka yi a haka, yaro bai ci gaba ba bai koma baya ba, zazzaɓi yana hawa yana sauka, ni da uban yaro muna gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi rigimar iyakar gona.

Da safiyar kwana na uku likitar da ke zagaye, wata doguwar mata mai Hausar Kano, tana cikin sauraron ƙirjin yaron sai ta ɗaga kai ta ce, "Wai wane ne wannan bawan Allah da kullum nake gani a taga kamar an hana shi shiga?"

Inna ta ce, "Uban yaro ne. Tambayi ɗiyata mi ta hwaɗa mishi."

Ba yadda zan yi, na zaro hoton ina kuka na nuna mata. Ta duba, na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai ta haɗiye. Ta yafito shi da hannu. "Malam, shigo. Shigo mana, ɗanka ne."

Ya shigo yana raɓe-raɓe. Ta ce wannan farin abin ba ƙura ba ce, ba dalma ba ce, ba ma ciwo ba ne. Wani ɗan nama ne da Allah ya halicci kowane jariri da shi a bayan ƙashin ƙirji. A jarirai babba ne, shi ya sa yake fitowa a hoto, in mutum ya girma sai ya yi ta ƙanƙancewa.

Mahaifina mahauci ne, Inna ta fi shekara talatin tana gyara kayan ciki. Sai ta gyara zama ta ce, "Likita, ko shi ne ɗan farin naman ga mai taushi da ake iskewa ƙasan wuyan ɗan akuya, in bunsuru ya tsuhwa ba a ganinai?"

Likitar ta tafa hannu. "Inna, wallahi shi ne! Kin riga wasu ɗalibaina ganewa."

Daga nan ta yi mana bayani dalla-dalla, zan faɗa yadda kaina ya ɗauka. Ta ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, kuma wani jinsi daga cikinsu, da suke kira ƙwayoyin T, a wannan ɗan naman suke koyon aiki. Nan ake koya musu bambance na gida da baƙo. Cutar da ta kama yarona kuwa, irin wadda suke kira bairas, ba a fili take zama ba. Shigewa take yi cikin ƙwayoyin huhu ta ɓuya, kamar yadda ƙwaro ke shiga cikin ƙwayar wake, daga waje ka ga wake lafiya lau. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da tun zuwanmu na yi ta roƙo a yi masa allurarsa ba ya kashe irinta. Waɗannan masu tsaron su ne ke bi ɗaya bayan ɗaya, su gane wadda cuta ta shiga, su kashe ta da abin da ke cikinta.

Na ce, "To mi suka jira tun ran nan?"

Ta ce da farko waɗanda suka san fuskar wannan cutar ƴan kaɗan ne, sai sun hayayyafa sun yi yawa, kuma hakan yana cin kwanaki. In faɗan ya yi zafi huhun kansa yana kumbura, shi ne wahalar numfashin. "Mu aikinmu mu riƙe shi da iska da ruwa, ke ki riƙe shi da nono, har su gama nasu." Ta ƙara da cewa in an gama, wasunsu za su zauna a jiki suna tune da cutar, ko ta dawo ba za ta zo musu a baƙuwa ba.

Wato abin da na zargi mijina da sawa, shi ne ma abin da yake taimakon yaron. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Amma likitar ba ta bar ni a ƙasa ba. Ta ce tsoron dalma ba wauta ba ne, wankan nan a ci gaba da shi, sai dai ita a jini ake nemanta. Ta sa aka ɗebi jinin yaron aka auna, aka ce babu abin damuwa.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, yaron yana cinyar ubansa sai ya sa hannu ya fizge robar hancin yana tsala ihu. Ihun da ya kusa mako bai samu iskar yinsa ba. Na karɓe shi, ya sha nono bai saki ba har barci ya ɗauke shi.

A barandar nan da na faɗa masa magana, nan na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, mutane na kallo. Ni ma na yarda da ke, mu biyu munka karanta hoton ga juye." Inna daga ciki ta ce, "Ku biyu dai, kar a sa ni."

Yanzu yaron yana makaranta, ƙarfi kamar ɗan maraƙi, da ƙannensa biyu. Har gobe ni mai fargaba ce, in ɗayansu ya yi tari sai na ɗaga riga na kalli haƙarƙari, kuma ban ga laifin hakan ba, shi ya kai mu asibiti da wuri. Abin da ke sosa mini rai kawai shi ne kwana biyun da mutumin nan ya yi a bayan taga, ɗansa yana neman numfashi, shi kuma yana ganin shi ya jawo.

Don haka roƙona gare ku, ƴan uwana mata, ɗaya ne. In an ba ku hoto ko takardar awo, kuka ga abin da ya tsorata ku, ku tambayi mai aikin a ranar, tun kafin ku faɗa wa wani maganar da za ta hana shi ɗaukar ɗansa.