An Sa wa Jariri Magana a Baki

Mahaifiyata a ɗakin wanki na asibiti ta ƙare ƙuruciyarta, cikin tururi da warin sabulu, har fatar hannunta ta zama kamar ɓawon itace. Ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Ranar da babanmu ya ce zai bar gidan, ita ta taya shi kwashe kaya, ta taga.

Da idonta ya fara mutuwa, sai ta kira ɗan ƙanwarta, wanda muke wa kirari da Alƙalami saboda ya buga littattafai, ta ce ya rubuta rayuwarta tun tana da bakin faɗa. Ya zo ya ɗauki muryarta a waya, ya tafi. Ashe ragon zuba wa manhajar nan ta kwamfuta mai rubutu da kanta ya yi, ya ce ta gyara ta ƙawata. Ko dubawa bai yi da kyau ba ya kai aka buga.

Ni na karanta mata, tana zaune a bakin gado. Matar da ke cikin littafin salihar baiwar Allah ce, wai har addu'a ta bi babanmu da ita. Inna ta yi tsaki, ta ce in wuce.

Sai muka zo kan ɗanta na fari. Abin da ta faɗa wa Alƙalami a kansa bai wuce ya rasu a hannunta ba, daga nan ta yi shiru. Na'urar ba ta san shiru ba, sai ta cike gurbin: wai yaron ya dube ta ya ce, "Inna, kar ki yi kuka."

"Watansa takwas fa," in ji ta. "Ko Inna bai taɓa ce min ba."

Raina ya ɓaci, na kira Alƙalami na wanke shi tas. Ya ce ai kowa haka yake yi yanzu, kuma wurin ya fi taɓa zuciya. Na kashe wayar. Har yau ban yafe masa ba.

Na dawo zan jefa littafin a shara, sai ta riƙe min hannu.

"Tsaya. Sake karanta min wurin da ya yi maganar."