Gudumar Baba

Sannu-Sannu ake kiran mahaifina a tasha, kuma sunan bai yi masa ƙarya ba. Tun ina ƙarama nake ganin masu keke suna wuce shi a titi, shi kuwa ko a jikinsa. Da tsohuwar a-kori-kurarsa ya ciyar da mu: siminti, katako, kayan masu tashi daga gidan haya, duk abin da ya samu. Shuɗiya ce a da. Yanzu in ka tambaye ni launinta, sai dai in ce launin wahala.

Da shekaru suka ja, bayansa ya ƙi ɗaukar kaya. Yayana, mai ƙaramar bas ta haya, ya ce a sayar wa 'yan gwangwan motar, tsoho ya zauna ya huta. Yaya mutumin kirki ne, amma bakinsa ba birki. Muna tsakiyar cin abinci ya faɗa, ko kallon fuskar Baba bai yi ba.

"Ba a sayar da ita," in ji Baba. "Janwe zan mai da ita. Jan mota ba ya son ƙashin baya, ƙarfe yake so."

"Haba Baba, wannan abar ko akuya ba za ta ja ba. Shasinta ya gama ruɓewa."

A lokacin injin bas ɗin Yaya ya buga, tana yashe a gindin gangaren bayan unguwarmu. A kanta suka ƙulla magana: in motar Baba ta ja ta har garejin da ke saman tudu, Yaya ba zai sake ɗaga zancen ba. In ta kasa, Baba zai miƙa makulli. Ni dai haushin Yaya nake ji, don na san ba mota kaɗai yake neman raba shi da ita ba. Mutumin da kullum da safe yake da wurin zuwa, ka ce ya zauna a ƙofar gida yana kallon masu wucewa?

Shagon ɗinkina yana kallon rumfar mai walda, tsohon abokin Baba da ake kira Tartsatsi, don haka a idona aka yi aikin. Suka sauke bodin baya, shasin ya fito tsirara: dogayen ƙarafuna biyu da komai na mota ke zaune a kansu, kowanne a buɗe ta ciki kamar indararo. Dabarar ita ce a rufe wannan bakin da faranti mai kauri, ƙarfen ya koma kamar akwati, ya daina murɗewa. Sannan a gitta wani ƙarfen a baya, a dasa ƙugiyar ja, a ƙara wa sifirin da ke ɗaukar nauyin baya ganyen ƙarfe.

Baba yana da wata 'yar guduma da ubangidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ƙotarta ta yi santsi don riƙo. Da ita yake bin shasin yana ƙwanƙwasawa, inda tsatsa ta ci ciki sai ya sa alli. Na lura yanzu in zai buga sai ya ɗora tafin hagunsa a kan ƙarfen. Na ɗauka sabon salo ne kawai. Haka muka ɗauki ƙure rediyonsa, da yadda Mama ke kiransa har ta gaji. Taurin kai muke cewa.

Ba ya barin Tartsatsi ya ja walda doguwa. "Kaɗan nan, ka koma can, ka bari ya huce. Zafi ya yi yawa ƙarfe ya karkace."

"Ni za ka koya wa walda, Sannu-Sannu?"

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya ja kwana!"

Ranar da aka gama, guduma ta ɓace. Baba ya birkice rumfa, ya birkice gida, har ƙarƙashin keken ɗinkina ya leƙa. Ya zargi Tartsatsi, ya zargi jikoki. Ban taɓa ganin ya damu da abu haka ba, sai da ya ba ni tausayi.

Aka zo gwaji da hantsi. Ka'idar masu ja da sarƙa sananniya ce: na baya yana riƙe sitiyari da birki, bakinsa kuma shi ne hon. In ya danna ya saki, a rage gudu. In ya danna bai saki ba, a tsaya nan take. Yaya ya shiga bas, ni na zauna gefen Baba.

Sarƙa ta miƙe, motar ta yi nishi, ta ɗauka. Shasi ko gezau. Amma muna fara hawa sai ga wata ƙara daga ƙarƙashinmu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan tukunya. Yaya ya ji, ya zaci ƙarfe ne ke tsagewa, ya kwanta a kan hon. Mutanen gefen titi suna ta waiwaye. Na dubi Baba. Idonsa na kan hanya, yana murmushi, yana shafa sitiyari.

"Baba, Yaya na hon!"

"Kin gani ko? Ko giya ban sake ba."

A nan na gane ba ya jin hon ɗin. Na kama hannun rigarsa, amma tsayawa a tsakiyar tudu da bas a baya ta fi haɗari, sai na sake shi. Haka muka kai ƙofar gareji, hon na tsaga kunne.

Yaya ya diro yana huci. "Baba, kashe mu za ka yi? Tun daga ƙasa nake maka hon! Ba ka ji ƙarar ba?"

"Wace ƙara?"

Yaya ya juyo ya dube ni.

Tartsatsi, da ya biyo mu a babur, ya kama gefen motar ya jijjiga. Ƙwal, ƙwal. Baba ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafinsa a kan sabon ƙarfen.

"Sake girgizawa."

Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ashe gudumar tana ciki. Ni na ajiye ta a nan, muka rufe da ita." Ya dube ni. "Da ƙarfi take bugawa?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zubo mini.

Tartsatsi ya matso kusa da kunnensa ya ce zai yanka ya ciro ta yanzun nan. Baba ya ce a'a, ba a yanka shasin da ya riga ya zauna.

Ya miƙe, ya zare makullin, ya kamo hannun Yaya ya danƙa masa.

"Baba, ai ka ci. Ta ja."

"Ta ja. Amma wanda ba ya jin na bayansa ba ya jan mutum." Ya nuna motar da haɓa. "Ba dai 'yan gwangwan ba."

Yaya ne ke tuƙa janwen yanzu, bas ɗin ya ba wani. Kullum da safe yana tsayawa a ƙofar gida, Baba ya fito ya shiga gefensa, shi ke ɗaura sarƙa, shi ke faɗan a rage gudu. Tun daga kwanar layi nake jin tahowarsu, ƙwal, ƙwal. Duk unguwa na ji. Baba kuwa takalminsa yake cirewa, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙasan motar.