Albarkar da Ba a Faɗa Ba

Ƙarfe goma da kwata na safe abin ya fara lalacewa. Na san lokacin saboda akwai agogo a bangon wurin, kuma shi nake kallo don ba na iya kallon fuskar mutane.

Ina aji biyu na kwaleji a Madawa. Babana manomin albasa ne a wajen Bangi. Shekara uku yana tara kuɗi don ya sayi bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya riƙa kai albasarsa kasuwa da kansa, ta daina ruɓewa tana jiran motar wani. An buɗe wurin sayar da motoci a bakin kwalta, mai kula da shi mutumin bakin teku ne, ba ya jin Hausa. Shi ya sa aka ɗauko ni daga lakwal, wato makaranta, in yi tafinta.

Bashe ɗaya ce a wurin, fara. An manna takarda a gilashinta: kuɗi a sama, kalmomin Faransanci biyu a ƙasa. Na karanta, na gane. Kuɗin ke nan, babu ciniki. Na faɗa wa Baba kuɗin kawai.

Ya zagaya motar, ya danna tayoyinta kamar mai duba bijimin sa, sannan ya yi tayi. Na fassara. Mutumin ya ce a'a, ya buga takardar da yatsa.

"Mi ya ce, ɗiyata?"

Ban taɓa jin wani ya ce wa babana a'a ba. A kasuwa albarka ake cewa, mai saye ya ƙara.

"Ya ce albarka, Baba."

Baba ya yi murmushi, ya gyara riga, ya zauna a benci. "To, wanga ya san kasuwa. Ce mishi na ƙara jikka goma."

Sau huɗu yana ƙarawa, sau huɗu ina cewa albarka. Kuɗin da aka rubuta kuwa suna nan cif a jakar da ke ƙarƙashin rigarsa. Da sha biyu ta yi ya miƙe. "Tashi mu tahi. Kahin mu kai kwalta za shi kira mu."

Muka kai kwalta, muka tsallaka. Ya yi azahar, ya saya mini tsire. Ba wanda ya kira mu. Da muka koma ƙarfe uku, ɗigon baƙin mai ne a inda motar take. Wani ɗan kasuwa daga Keita ya biya abin da aka rubuta, ya tafi da ita.

Ban yi kuka ba. Na koma aji na rubuta darasin yamma, har na ja layi da jan biro. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, kuɗin suka tafi a hatsi. Baba bai ƙara maganar mota ba.

Sai da na zama malama, shi kuma ido ya fara yi masa rauni, na faɗa masa cewa mutumin bai taɓa cewa albarka ba. Na tambaye shi ko ni na hana shi motar.

Ya daɗe yana murza casbi.

"Da kin hwaɗa min gaskiya, da tun hantsi na tashi. Ni ban sayen abin da ba a ce min albarka ba."