Bita Ta Babba Ce

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare a bayan Mairuwa, 'yan aji biyu aka ba ni. Takardar shaidar malanta kam ina da ita, amma maganar gaskiya ban san yadda ake koya wa yaro karatu ba. Iyakar iyawata in cika allo da baƙaƙe, in daka tsawa, su maimaita. Ina share allo, karatun ya bi alli. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don daga gona iyayen nan suka ciro 'ya'yansu suka damƙa mini.

Sai aka aiko cewa za a yi bitar koyar da karatu a Faskari, kowace makaranta ta tura malami ɗaya. Ni kaɗai ke da ajin masu fara haɗa baƙi, saboda haka har riga na wanke.

Ashe a makarantarmu bita kamar goron ɗaurin aure take, babba ake fara miƙa wa. Muna da wani dattijon malami da muke kira Baba, saura ƙiris ya yi ritaya, ba shi da aji, sai kaɗa ƙararrawa da tare masu latti. Shi ne wanda hedimasta ya zaɓa. Na je ofis na rusuna, na yi bayanin halin da ajina yake ciki.

"Haba Malam," in ji hedimasta, "Baba na zaune ka tahi? Mi mutane za su ce? Naka lokacin na zuwa."

Baba ya dawo da sabuwar jaka, aka tara mu gindin mangwaro don ya koya mana abin da ya koyo. Ya yaba abinci, ya yaba fankar ɗakin taro. Da na tambaye shi dabarar karatun, sai ya ce wata yarinya ce ta yi ta sa mutane waƙa da tafi, shi kuwa ba zai yi tafi gaban sa'ar 'yar cikinsa ba, sai ya koma baya ya ja carbinsa. Daga baya na ji daga wani malamin firamaren Pauwa da ya je bitar cewa dabarar duk cikin waƙoƙin nan take. Littafin da aka ba Baba kuma ya kai gida ya adana kada a lalata. Na roƙi aro har na gaji, kullum gobe.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan yi wa faɗa. Baba mutumin kirki ne, bai roƙa ba, ba shi aka yi. Da ya yi ritaya, mai bi masa ya gaji kujerar zuwa bita. Yarana kuwa suka yi ta hawa aji har suka fita, na karɓi wasu.

Bara lokacin nawa ya zo, da furfura a gemuna. Bitar da ta faɗo kaina ta shigar da sunayen ɗalibai a kwamfuta ce, mu da ko wutar lantarki ba mu da ita. Na hau acaɓa zuwa Faskari ina ta ƙunƙuni. Ɗan acaɓar, magidanci da shi, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai yana cikin ajina na farko, shi ne mai zama bakin taga. Na gane shi. A ƙofar wurin taron ya ciro wayarsa ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, don Allah karanta mani saƙon ga. Tun jiya ya shigo, ban samu mai duba mani ba."