Matar Sarki da Sarauniya

Shekara biyu da karɓar shahadar tarihi, wato digirin jami'a, ban samu aiki ba. Sai wata makarantar 'yan mata a unguwar Zahir ta Makka ta kira ni in gwada darasi a gaban mudira, wato shugabar makarantar. Darasin da aka ba ni shi ne gidan sarautar da ya mulki Ingila a ƙarni na sha shida. Minti ashirin kawai, kuma mu uku ke neman gurbi ɗaya.

Ana gobe gwajin, bayan la'asar, na rasa wanda zan yi bita a gabansa sai Goggo, yayar babana, wadda muke zaune da ita a unguwar Utaibiyya. Tana tsince zoɓon da take ƙullawa tana sayarwa. A Makka aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina, amma ita in ba da Hausa ba ba ta saurara.

Na fara a hankali. Na ce sarkinsu na farko da yaƙi ya ci sarauta. Ɗansa ya gaje shi, ya yi sarauniya shida, ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɗa namiji. Ɗan ya zo, ya hau yana yaro, bai daɗe ba ya rasu. Sai yayyensa mata biyu suka zama sarauniya bi da bi, ta ƙarshen ta yi shekara arba'in da wani abu.

Goggo ta tsayar da hannu a kan faifai.

"Mata takwas ke nan suka mulki ƙasar?"

"A'a, Goggo, biyu ne."

"Ke kika ce shida, kika ƙara biyu. Ko a jami'ar ba a koyar da ƙirge?"

Na ce shidan matansa ne, ya'ni malika da Larabci.

"To ki ce matar sarki mana, 'yar nan. Sarauniya ita ce wadda ake faɗuwa a gabanta don kanta. Don na auri mahauci ba na zama mai yanka ba."

Na duba takardata. A Larabci kalma ɗaya ce, a Turanci ma haka, kuma ina jin ban taɓa lura ba sai ranar. Wataƙila malamanmu sun faɗa, ni ce hankalina bai kai ba. Abin da ya tsorata ni shi ne, a takardata na rubuta malika sau takwas, ba bambanci.

Washegari na raba allo gida biyu. Gefe ɗaya matan sarki, ɗaya gefen waɗanda suka yi mulki da kansu. Na tambayi yaran wane gefe ya fi yawa, wane ya fi ƙarfi, suka kaure da gardama har lokaci ya kusa ƙarewa. Ba zan rantse cewa wannan ne dalili ba, amma bayan mako ɗaya mudira ta kira ni ta ba ni aikin.

Da na gaya wa Goggo, na ƙara mata abin da na ɓoye: akwai wata yarinya da aka naɗa tsakanin yaron da yayarsa, kwana tara aka sauke ta, masana ma ba su daidaita a kanta ba.

"An faɗi an gaishe ta?"

"Ina jin an yi."

"To uku ne. Je ki gyara allonki."

Har yanzu a tsakiya nake rubuta ta, a kan layin da ya raba allon.