Tsohon Rumbun Kwamfutar Yaya

Kwamfutar nan ni da Yaya munka sayo ta a Sakkwato, wajen masu kayan hannu. Baƙa ce, mai kauri, irin wadda ma'aikatan ofis ke yawo da ita cikin jaka. Ni wata fara siririya na so, mai sheƙi. Yaya ya ce wannan ta 'yan gayu ce, kasuwa biyu za ta ci a zafin Goronyo ta mutu. Ya ɗaga baƙar ya jinjina ta kamar mai sayen kabewa, ya ce ita za mu ɗauka. Na bi nasa, shi ne babba, kuma shagon nasa ne.

A bakin kasuwar Goronyo shagon yake. Muna buga takardu, muna ɗaukar hoton fasfo, muna cika wa manoma fom. Kwamfutar tana da wani ɗan ido a sama. Da Yaya ya zauna gabanta sai ta buɗe da kanta, ta rubuta sunansa tana yi masa barka da zuwa. Ni kuwa ko na wuni ina zare mata ido ba ta san ni ba, sai na danna lambobi. Yaya ya riƙa tsokanata ke nan, wai in dinga sakin fuska, ko kwamfuta tsorona take ji.

Akwai wani aiki da yake yi wanda ba wanda ya sa shi. Duk shekara, kafin gulbi ya cika, yakan tafi fadamarmu ta Taloka ya tsayar da maƙwabtan gona biyu, wannan dama wancan hagu, tushen gamban da ke iyakarsu a tsakiya, ya ɗauke su hoto. Dalili kuwa, in ruwa ya hau fadama ya janye, laka yake bari shimfiɗe, ba kunya ba alama, kamar ba a taɓa noma wurin ba. Daga nan rigima ke tashi. Da farko dariya anka yi masa, daga baya har aike ake yi ya zo.

Gonar Inna, mahaifiyarmu, tana jingine da ta Baffa, ƙanen babanmu. A gonar Inna, ta ɓangaren Baffa, akwai layi takwas na fangalin ban-ruwa, nan ne ƙasa ta fi kyau, nan albasar Inna ke fitowa manya-manya. Da su take riƙe da kanta ba ta roƙi kowa ba, kuma tana alfahari da hakan.

Da damina ta tsaya ciwo ya kwantar da Yaya, shago ya dawo hannuna. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, ban ɓoye ba. Kwamfutar nan sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana juya ɗan zobenta. Mutane tsaye a kaina suna tsaki. Ran nan zuciya ta ɗebe ni, na naɗe ta na kai wa mai gyara, wani dattijo mai tabarau da ke layin masu waya. Ya ce rumbun ajiyarta ne ya tsufa, wato ƙarfen da take tara komai a ciki. Akwai sabon yayi mai sauri, amma bai kai tsohon faɗi ba, dole a bar wasu kaya.

“Mi za a bari?” in ji shi.

Na leƙa na ga hotuna ne sunka cika wuri. Na ce, “Bar hotunan nan, tarkace ne. Kwashe mini takardun aiki kawai.”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ka tambayi mai ita?”

Na ce mai ita yana kwance, ni ke da shago yanzu. Ya yi aikinsa. Ya miƙo mini tsohon ƙarfen cikin leda, ɗan abu kamar tafin hannu, mai nauyi, ya ce in adana.

Da na isa gida na jefa shi bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Inna ta ji ƙarar faɗuwarsa.

“Wanga kuma mi na?”

Na ce cikin kwamfutar Yaya ne, duk abin da ya zuba yana nan ciki, har karatun Alƙur'anin da yake kunna mata da safe.

“Subhanallahi! Da karatu ciki kaj jefa shi cikin takalma?”

Ta ɗauka ta goge da gefen mayafinta ta shige ɗaki tana faɗa. Na yi dariya na manta da zancen. Kwamfuta ta koma gudu kamar ba ita ba, ina ta jin daɗi, har na je na ba Yaya labari a kan shimfiɗarsa. Ya yi murmushi kawai, lokacin magana ta fara yi masa nauyi. Bai ƙara sati uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa ruwa ya zo, irin wanda tsofaffi sunka ce sun daɗe ba su gani ba. Da ya janye munka je fadama. Daga ƙafata har inda ido ya tsaya laka ce sumul, toka-toka, ba kara ba ciyawa, ko tsuntsu ɗaya babu. Gamban iyaka duk ruwa ya tuge ya tafi da su. Mutane na tafiya a kai suna magana ƙasa-ƙasa, ban san dalili ba, ni ma na tsinci kaina ina yi.

Baffa ya zo da turakunsa ya kafa iyaka. Na duba na ga ya haɗa da layi takwas ɗin Inna. Kai! Nan take idona ya rufe. Na tuge turakun na watsar. Magana ta kai gaban mai gari, kuma a nan, gaban dattawa, na buɗe baki na ce Baffa jira yake Yaya ya mutu ya cinye gonar tsohuwa. Na ce masa ɓarawo. Baffa ya dubi ƙasa. Mai gari ya ce tun da marigayi yana ɗaukar hoto, a kawo hoton kafin Juma'a ta zagayo, don lokacin dashen albasa ba ya jiran kowa.

Washegari da hantsi na buɗe shago, rabona da shi tun ranar jana'iza. Na zauna kan kujerar Yaya, na ɗaga murfin kwamfuta, na miƙa hannu zan danna lambobi. Ban taɓa komai ba. Ɗan idon nan ya yi ja, ya ƙifta, sai ta buɗe. Ta rubuta sunan Yaya, tana yi masa barka da zuwa.

Na waiwaya bayana, ba kowa sai bango da kalandar bara. Kasuwa na ci a waje, ina jin kukan awaki da masu kiran ciniki, amma cikin shagon shiru. Na rufe murfin, na yi addu'a, na sake buɗewa. Ta sake gaishe shi. Shekara huɗu ina zama gabanta ba ta taɓa yi mini haka ba.

Na ɗauke ta na kai wa mai gyara. Ya ce in kwantar da hankalina, na rame ne, na bar gemu, ga hular marigayi a kaina, dole ta ruɗe. Ya ce in abin ya dame ni ya goge fuskar, ko in sayar da ita in sayi wata. Na ce a'a. Gaskiyar magana, bayan tsoron akwai wani abu da na ji mai kama da daɗi. Na ɗauka alama ce, Yaya ya miƙa mini wurinsa, kuma ni ke da gaskiya.

Munka shiga neman hoton. Ga jakar ajiyarsu nan cikin kwamfutar da sunanta, hotunan iyaka, shekara-shekara a jere yadda Yaya ya tsara. Muna buɗewa ba komai ciki. Kowace shekara fanko. Mai gyara ya cire tabarau ya ce, “Kai kac ce tarkace na. Ina ƙarhen da nib ba ka?”

Na hau babur sai gida.

Na tarar da Inna tana tsince wake. Da na tambaye ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce abin da ke da sunan Allah ciki, in ya tsufa ba a yasar da shi, ba a barinsa inda ƙafa ke bi. Yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu haka ta yi masa. Ta naɗe shi cikin farin ƙyalle ta kai gona, anka binne shi gindin gamban iyaka, inda fartanya ba ta zuwa.

“Wa yab binne?”

“Baffanka. Ni ina nig ga ƙarhin haƙa? Rami yay yi har iyakar hannunai.”

Ta ce a ranar, da ta ga farin ƙyallen nan yana shiga ƙasa, jikinta ya ba ta Yaya ba zai tashi ba. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba.

Na zauna dirshan a ƙasa. Ina neman ƙarfen don ya nuna mini iyaka, ga shi sai na san iyaka zan sami ƙarfen. Na ce Inna ta zo ta nuna mini wurin. Ta ce idonta ba ya gani da nisa, ran nan ma Baffa ne ya kai ta gindin gamban, ba ta lura da wane tushe ne ba, kuma wurin da babu ko tsinke, mi za ta nuna? Ita dai abin da na gaya mata game da turakun Baffa shi ta riƙe.

Ran Alhamis da safe munka fita, ni da Inna da Baffa da mai gari da dattawa biyu. Mai gari ya ce tun da a gindin gamba anka binne shi tun kafin ruwa, kuma kowa ya yarda da haka, to inda anka same shi nan ne iyaka, ko hoto ya fito ko bai fito ba. Na ce na yarda. Baffa ya ce bai so a tone abin da anka binne don girmamawa ba, amma tun da an kai nan, to.

Na fara haƙa da magirbi inda na ce. Lakar sama ta bushe ta tsattsage, ta ƙasa kuwa baƙa ce mai sanyi, tana wari irin na rijiyar da anka daɗe ba a ɗiba ba. Na haƙa har gwiwa. Na matsa gaba na sake. Na matsa baya. Rami huɗu na yi, gumi na shiga mini ido, ba wanda ya ce mini sannu. Mutum biyar tsaye a kaina sun harɗe hannu, yadda ake tsayawa a maƙabarta.

Sai Baffa ya taka a hankali, yana duban wata giginya da ke nesa, yana duban bakin gulbi, ya tsaya daidai inda na tuge turkensa na farko. Ya nuna da sandarsa.

“Gwada nan, ɗana.”

Ɗana ya ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na haƙa. Ban kai tsawon hannu ba bakin magirbi ya taɓa wani abu mai taushi. Na ajiye shi na sa yatsu. Ƙyalle ne, ya rine ya koma ruwan ƙasa, an ɗaure shi da ƙulli uku irin ɗaurin Inna. Ga guntayen saiwar gamba kewaye da shi. Na ɗago shi yana ɗigar da ruwa, na rasa wanda zan miƙa wa.

Inna ta ce, “Ina anka same shi?”

Mai gari ya gaya mata. Nan ne Baffa ya yi magana, murya ƙasa. Ya ce layi takwas ɗin nan nasa ne tun rabon gadon kakanmu. Shekarar da babanmu ya rasu, shi Baffa ya kira Yaya ya ce a riƙa noma wa Inna su, kada a gaya mata, don ya san halinta, ba za ta karɓa ba. Duk shekara in za a ɗauki hoto, shi da Yaya ke tsayawa a iyakar gaskiya, gindin tsohon gamban da mu ba mu ɗauke shi iyaka ba. Turakun da ya kafa ma don kada iyakar ta ɓace ne, da niyyar ya kira ni ya gaya mini yadda ya gaya wa Yaya. Ban ba shi dama ba.

Na durƙusa cikin laka na ba shi haƙuri, ina kuka kamar ba namiji ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Ya ce Inna ta ci gaba da nomanta kamar da.

Inna ta gyara mayafi ta ce, “Shekara nawa ina cin sadaka ban sani ba, ina hwaɗa ma mutane ban roƙi kowa ba.” Ta gode wa Baffa, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ce amma ta gama da wurin. Baffa ya ce shi ma ba ya iya shuka inda anka kira shi ɓarawo. Mai gari ya yi lallashi har ya gaji.

Na kai ƙarfen wajen mai gyara ko za a ceto hotunan sauran mutane. Ya buɗe ƙyallen, ya girgiza shi kusa da kunnensa, munka ji ruwa na motsi ciki. Ya mayar mini. Inna ta sa na koma na binne shi inda na tono shi.

A ranin nan fadama ta yi kore shar daga wannan baki zuwa wancan, ban da layi takwas a tsakiya, busasshiyar laka, ko ciyawa ta ƙi fitowa sosai. Ni ke kai Inna gona a babur. Duk sanda munka zo daidai wurin sai in ji ta saki rigata ta riƙe ƙarfen bayan babur, har mu wuce.